Kaset ɗin da Ban Aika Ba

Kafin in lalace, ni mai aikin kaset ne a Bani Malik, cikin Jidda. Ku yaran yanzu ba ku san sana'ar ba. A lokacin babu waya a hannun kowa, kuma yawancin mutanenmu ba sa rubutu. Mai son gaida gida sai ya zo shagona, in kunna masa rakoda ya yi maganarsa, ni kuma in nemi alhazan garinsu in damƙa musu kaset ɗin. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ina da kafili, ubangidan da ya tsaya min, mai sauƙin kai, ina kuma da baki. Bakin nan, ba yabon kai ba, ko yau na buɗe shi sai kun tsaya kun ji.

Ɓarnar da kaɗan ta fara. In mai saƙo ya tafi sai in kunna kaset ɗinsa in ji sirrin gidansu. In an haɗa da turare ko yadi a kai wa iyali, in rage wani abu. Babu wanda ya tambaye ni, sai na ɗauka wayo ne.

Cikin masu zuwa wurina akwai Malam Isiyaku, mutumin Kazaure. Malamin firamare ne a gida, har da digirinsa. Ya zo umara ya zauna, yana dako a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, can yake kwana saboda ba shi da takarda. Matarsa ta rasu, ya bar 'yarsa Ladidi wurin kakarta. Shi ba gaisuwa yake aikawa ba, labari yake ƙirƙira mata. Kuma ba ya ƙarasawa. In ya kai inda ya fi daɗi sai ya tsaya ya ce, "To Ladidi, ke ki ƙarasa min." Ita kuma ta aiko da ƙarshen a nata kaset ɗin ta hannun masu zuwa umara. Ranar da amsarta ta iso, sai ka ga ƙaton mutum yana dariya shi kaɗai a bakin shagona.

Ana nan sai Alhaji Mahamman, wani attajiri mutumin Damagaram, ya shiga damuwa. Jikokinsa a Jidda aka haife su, ya yi musu Hausa su ba shi amsa da Larabci. Ya sanar cewa zai ɗauki nauyin mutum ɗaya ya koma gida ya yi digiri na biyu a kan rubuta littattafan yara, kuɗin jirgi da na makaranta da na ci duk a kansa, da sharaɗin ya riƙa aiko wa yaran labarai da Hausa. Alhaji bai yi boko ba, da kunne yake tantance mutum. Ya ce mai so ya kawo labari a kaset, jikokin ne alƙalai.

Malam Isiyaku ya zo min da sauri. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ce hanyata ta komawa wurin Ladidi ba tare da kunya ba. Ni ba na iya ratsa gari, askarawa na kame. Kai min kaset ɗin nan." Na ce masa halas, ya ɗauka an gama.

Na kunna na saurara. Labarin wata akuya ce da aka sauke daga jirgin ruwa, ta tsere wa mahauta, ta tsaya bakin teku tana neman yadda za ta koma wurin 'yarta. Shi ma bai ƙarasa shi ba, ya bar wa Ladidi ƙarshen kamar kullum. Wallahi ni babba sai da ya kama ni. Sai na ce a raina, me zai hana? Na sake ɗaukarsa da muryata. Da na zo inda ya tsaya, na rasa ƙarshe, sai na sa aka kamo akuyar aka yanka, na ce sakamakon mai ƙin jin magana ke nan. Jikokin Alhaji suka fashe da kuka, suna cewa da Hausa, "Kar a yanka ta!" Alhaji da ya ji Hausa a bakinsu bai tsaya bincike ba. Ya ce, "Yalla, kai ne." Takardar digirin da na nuna masa ni na buga abata. Malam Isiyaku kuma na ce masa wani aka zaɓa. Ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri.

Ban je ko'ina ba. Na rufe shago na koma Abhur, can gefen Jidda, na kama ɗaki, na sayi mota. Alhaji na aiko kuɗi ta hannun wani ɗan kasuwa da muka haɗa baki da shi, ni kuma dole in riƙa aika masa sabon labari kamar daga gida ya fito. Ni kuwa baki gare ni, ba ni da labari ko ɗaya. Don haka na ci gaba da zuwa siton nan da rakoda, ina karɓar kaset ɗin da yake yi wa Ladidi, ina kwafa. Kai wa alhazai kuma ba dama, don a masaukinsu yaran Alhaji za su gan ni. Sai in jefa a jaka in ajiye.

Duk zuwana tambayarsa ɗaya ce: "Ba ta aiko ba?" In ce, "Malam, alhazan yanzu ba su da amana." Daga baya ya daina tambaya, ya ce ƙila yarinya ta girma, labari ya ishe ta. Ciwon ƙirji ya kama shi, ya ƙi zuwa asibiti don tsoron kamu. A Jidda aka binne shi. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma ban fasa abin da nake yi ba.

Da labarai suka ƙare sai na faɗaɗa sana'a. Na ce ina da hanyar samo wa matasa tallafin karatu, na riƙa buga takardun samun gurbi ina sayarwa. Wani saurayi ya kai tasa ofishin biza, aka riƙe shi, ya kawo askarawa har ƙofata. A kotu komai ya tonu har da cutar da na yi wa Alhaji Mahamman, amma bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Labaran wa jikokina suka haddace?" Aka yanke min hukunci.

Na yi shekaru a kurkuku. Can na gwada ba wa fursunoni labaran nan don rage zafi, sai na ga duk inda Malam ya tsaya ni ma nan nake tsayawa. Na tuba tuba na gaskiya, ba na jin kunyar faɗa. Da wa'adina ya cika aka kai ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Wani tsohon maƙwabcina ya kawo min jakar nan, ita kaɗai na fito da ita daga Jidda.

Ban je garinmu ba sai da na je Kazaure. Na sami Ladidi ta yi aure, da goyo a bayanta. Na zauna a zaure na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta ce, "Ni duk zamana na ɗauka ya yi wani auren ne ya manta da ni." Aka aro rakoda a maƙwabta. Ta ɗauki kaset ɗin farko ta sa. Muryar mahaifinta ta cika zauren, akuya ta tsere, ta isa bakin teku, sannan ya ce, "To Ladidi, ke ki ƙarasa min." Kaset ya ci gaba da juyawa ba magana.

Ta matsa kusa da rakodar. Sai ta ce, "Ba sai ta haye ba, Baba. Ta tsaya nan ta yi ta kira, 'yarta ta san muryarta."

Na roƙe ta gafara. Ta ce haƙƙin mahaifinta ba ita ke yafewa ba, nata kuwa in ba ta lokaci. Har yau ina jira, kuma ba ta yi min laifi ba.

To, ku masu neman tallafin karatu, ku saurare ni, don na san hanyar nan ciki da waje. Duk wanda ya ce ku biya ya samo muku gurbi, ɓarawo ne, ni na gaya muku. Kada ku nemi tallafi da aikin wani, ko layi ɗaya ne. In naku bai kai ba, ku gyara ku sake nema. In kuma aka ba ku saƙo, ku kai shi ranar da aka ba ku. Ni na ɗauka kuɗin Alhaji kawai na sata. Ashe uba na raba da 'yarsa, ya mutu yana zaton ta gaji da shi. Ladidi ta ƙarasa labarin, amma wanda ya tambaye ta ba ya nan.