Sai Mai Abu Ya Zo

Yayata gajera ce, ba ta da murya, in kun haɗu a hanya ba za ka waiwaya ka sake kallonta ba. Amma a layin da ta yi shago, duk wanda takardarsa ta kulle a kwamfuta ba a ce masa komai sai ya kai wa Mai Buɗewa. Ni ce ke bi mata, kuma ni ce mai bakin gidanmu. Ita ko za a shekara ba za ta ba da labarin kanta ba, shi ya sa na ɗauke mata.

Sana'ar Babanmu yanka makulli da gyaran kwaɗo. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin kasuwa, bangon duk ƙusoshi, kowace ƙusa da makullai a rataye, ga injin yanka mai ƙarar da ke tsinka haƙori. Dokokinsa na aiki biyu ne, mun haddace su tun kafin mu iya karatu. Ba ya buɗe ƙofa sai mai ɗakin yana tsaye, kuma da ƙofa ta buɗe sai ya juya baya yana tattara kayan aikinsa, ba ya leƙawa. Mutumin da ya yanka wa rabin gari makulli, amma na shagonsa guda ɗaya ne tak, a ɗaure da igiya a ƙugunsa. Ko Umma ba ta taɓa riƙe shi ba. Takan ce in aka tambaye ta wa ta aura, za ta ce wani makulli ne da mutum a jikinsa.

A cikinmu Yaya ce ta ɗauko hannun Baba. Tun tana ƙarama take zama gefensa tana goge makulli da zarto, shi kuma ya sa a ransa ita za ta gaje shi. Sai ta girma ta ce kwamfuta za ta koya. Baba bai hana ta ba, bai kuma yafe ba. Ya sa wa aikinta suna danne-danne. In ta dawo gida da yamma tana murza wuya, sai ya tambayi Umma, ba ita ba, wai ko masu danne-danne ma suna gajiya. Har ta bar aiki a ƙarƙashin wani ta kama nata shagon, ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Abin yana cin Yaya, na sani don ɗakinmu ɗaya.

Shagon yana ƙasan wani bene, tsakanin mai sayar da magani da tela. Kwamfuta biyu, firinta, injin fotokwafi da ke numfashi kamar tsohon mai asma, da benci ɗaya na masu jira. Da farko buga takardu kawai take yi. Wani malamin makaranta ne ya fara jawo mata wannan aiki. Ya kulle tambayoyin jarrabawa da fasawod don kada ɗalibai su gani, ya kulle su da kyau har shi ma ya kasa gani. Ya zo yana gumi. Yaya ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa, ta shiga yi masa tambayoyi kamar mai neman aurensa. Sunan 'ya'yansa, lambar babur ɗinsa, ƙungiyar ƙwallon da yake so. Ashe sunan akuyarsa ya sa, ya ƙara shekarar haihuwarsa a baya.

Daga nan labari ya bazu. Ta taɓa yi mini bayani cewa kullewa iri biyu ce. Akwai takardar da za ka iya karantawa amma ta hana ka bugawa ko kwafa, wannan kafin shayi ya huce ta cire. Akwai kuma wadda ba ta buɗuwa sam sai da kalmar sirri. Wannan ba ƙarfi ake sa mata ba, haƙuri ne. Mutane da guntun rayuwarsu suke kulle abu, in ji ta, don haka sai ta tattaro guntayen daga bakin mai abin, ta zuba wa kwamfuta tana jujjuya su har ɗaya ya shiga. Wani lokaci ya shiga, wani lokaci ta ce wa mutum ya yi haƙuri, ta gaza. In ya shiga, sai ta ajiye masa sabon kwafi marar makulli, ta kuma yi masa faɗa kada ya sake sa abin da ba zai tuna ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne allon kwamfutarta. Ta sa kafinta ya yi masa gindi mai juyawa. In ta ga fayil ya kusa buɗewa, sai ta juya allon ya fuskanci mai shi, ita kuma ta sunkuyar da kai tana gyara takardu a firinta har ya ce ya gani. Sakamakon asibiti, takardar gado, hotuna, duk sun bi ta teburin nan ba ta san me ke ciki ba. Ni da na taɓa taya ta zama na ce wallahi da ni ce sai na ɗan saci kallo. Ta ce shi ya sa ba ni ba ce. Kuma ba ta taɓa buɗe wa ɗan aike ba. Mata ta kawo na miji, miji ya kawo na mata, yaron ofis ya kawo na maigidansa, amsar ɗaya ce, sai mai abu ya zo. Ban san ko ta lura dokokin wa take bi ba. Ni dai na lura, na kuma ja bakina, abin da ba kasafai nake iyawa ba.

Mai benen dattijo ne mai fara'a, irin masu fara'ar da ba a taɓa ce musu a'a ba. Wata rana da hantsi ina shagon ya shigo, ya yi gaisuwa doguwa, ya ciro filash daga aljihu ya ajiye. Ya ce akwai wata 'yar takarda a ciki da ta ƙi buɗuwa. Yaya ta sa filash ɗin, ta dubi sunan fayil, sai na ga hannunta ya tsaya. Sunan matar ɗansa ne a jiki, da tambarin wani asibiti. Mun san matar, takan zo yin fotokwafi, mace mai sanyi da ba ta ɗaga ido.

Yaya ta ce, "Baba, wannan ai na surukarka ne."

Ya ce ya sani, a motarsa ta manta shi, kuma 'yar gida ce, abin da ya shafe ta ya shafe shi. Yaya ta ce to ya turo ta, ko yau ko gobe, za ta buɗe mata. Ya ce ta yi tafiya. Ta ce a kira ta a waya, in ta ji daga bakinta shi kenan. Nan fara'ar ta fara gushewa. Ya ce shi da yake uba a gidan nan sai ya nemi izinin yarinya? Ya tambaye ta ko dai ba za ta iya ba ne.

Yaya ta zare filash ɗin ta miƙa masa da hannu biyu. "Zan iya, Baba. Ba zan yi ba ne."

Daga baya ta gaya mini asibitin nan da ranar haihuwar majiyyaci suke kulle sakamako, kuma ta san ranar haihuwar matar, don ita ta buga mata takardun neman aiki. Da ta so, kafin ya gyara zaman hularsa ta buɗe.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa shagon kallo, daga silin har ƙasa, sannan ya ce dama yana tunanin wani ɗan'uwansa na neman wuri. Ya ce ta yi tunani zuwa ƙarshen wata. Ni na miƙe zan bi shi in wanke shi tas, Yaya ta riƙo gefen mayafina ta zaunar da ni.

Watan nan ta sha wahala, ba zan ɓoye ba. Shagon nan shi ne duk abin da ta gina, kuma masu kawo mata aiki nan suka sani. Tela ya ce ta buɗe kawai, ai ba ita za ta karanta ba. Mai magani ya ce ta ce masa ta gwada ya ƙi, kowa ya huta. Ta ce ƙarya kenan, kuma gobe zai kawo wani. Ta yawata neman wani wuri ba ta samu ba. Ta hana mu gaya wa Baba, wai zai ce dama danne-danne ba ya riƙe mutum. Ƙarshen wata ya zo, muka ɗora kwamfuta da firinta a motar kaya, muka jibge su a ɗakinmu muka lulluɓe da zanen gado. Ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito idonta ja ta ce sabulu ne.

Washegari mai benen ya aika a kira masa mai canja makulli. Wa zai kira in ba Baba ba, shi da ya yi masa makullan benen gaba ɗaya? Ta haka ne ƙafar Baba ta fara taka shagon 'yarsa, ranar da babu komai a ciki sai benci da shatin teburi a ƙasa. Tela ne ya ba mu labarin abin da ya faru. Ya ce Baba ya durƙusa yana kwance tsohon makulli, mai benen yana tsaye a kansa yana kai ƙara, wai ya ja wa 'yarsa kunne, taurin kai ba ya kai mace ko'ina. Mai benen ya zayyana komai da bakinsa, har da sai mai abu ya zo, yana kwaikwayon muryarta. Baba bai ɗago ba. Ya tambaya sau ɗaya, "Haka ta ce?" Aka ce haka ta ce. Tela kuma, da ba a tambaye shi ba, ya ƙara da labarin allo mai juyawa. Baba ya gama aikinsa tsaf, don ƙofar ta mai benen ce kuma ga shi a tsaye, ya miƙa masa sababbin makullai ya tafi.

Da yamma ya dawo gida a makare. Muna tsakar gida, Yaya na tsince shinkafa. Bai zauna ba. Ya tsaya a kanta ya ce ya kwashe akwatunan da ke ɓangaren hagu na shagonsa, wurin zai ɗauki teburi, kuma ya yi magana da mai gyaran wuta zai ƙara soket. Ya ce injinsa yana da ƙara, sai ta yi haƙuri da shi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a gefen farantin shinkafar. Makulli ne sabo, bakinsa na ƙyalli, ko ƙurar yanka ba a goge ba.

Umma ta ɗauka ta jujjuya, ta dubi wanda ke ƙugunsa, ta sake duban na hannunta. Ta ce ita da ta haifa masa 'ya'ya ko aro ba a taɓa ba ta ba. Baba ya ce ai ita leƙawa take yi.

Yaya ta karɓi makullin ta damƙe. Ni ce na yi kukan a madadinta, da ƙarfi kuwa, don a gidanmu ni ce mai wannan aikin.

Yanzu in ka je bakin kasuwa za ka same su, shi a dama yana yanka, ita a hagu tana danne-dannenta. Har yau haka yake kiransa. Amma ranar da wani ya kawo filash ɗin matarsa, tun kafin Yaya ta buɗe baki Baba ya kashe injinsa ya ce, "Malam, nan shagon sai mai abu ya zo."