Garmar Lado Tana Nan a Bango

Lado ya rasu ranar Talata, huɗu ga watan Afrilu, 1961. Ran Alhamis aka haifa mini jika namiji. Ran Lahadi aka mayar da sunayen mazan garinmu cikin littafin ikilisiya. Duk wannan ya faru kafin ƙasar kabarinsa ta kwanta.

Ku gafarce ni, 'yan'uwa, na fara zance ban yi sallama ba. Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku. Ni ne Habu Ɗantsoho na Gidan Tsamiya, wani ɗan ƙauye a gefen Durba, inda muke da ƙaramin cocinmu na Angilika. Ban iya rubutu ba sai da furfura ta fito mini, a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga alƙalamina ya karkace ya yi haƙuri. An ce mai ta'aziyya ba ya murna. Ni kuwa ina kuka ina murna, kuma ba wanda zan ɓoye.

Lado, da kai nake magana. Kai ka riƙe mabuɗin cocin nan tun yana rumfar kara har ya samu bango da kwano. Kai kake share shi, kai kake buga ƙarfe da safiyar Lahadi. Ba zan ce kai mai sauƙi ba ne, don ka tsani a yi maka ƙarya kana da rai, balle yanzu. Shekara da shekaru muna jayayya a kan ɗorawar da ke iyakar gonakinmu, har ka tafi ba ka yarda tawa ce ba. Amma kowace shekara in ka kwashe kalwarta, sai na ga Baraka matarka ta kawo wa gidana rabin daddawar. Kai ne kuma ka zo ka tsaya a ƙofar gidana kowace yamma kamar mai bin bashi, sai da na bi ka ajin karatu. Na ce maka tsoho ba ya koyon abu, ka ce jakinka ma ya koyi hanyar kasuwar Rano da tsufansa.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba bai san yadda garinmu yake zama da rani ba. Da an gama sussuka an cika rumbuna, sai maza su watse cin rani. Wasu Kano suna ga-ruwa da dako, wasu Zariya, wasu har Jos wajen haƙar kuza. Ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. Coci sai ya rage tsofaffi da mata da yara.

Kai ka ɓullo da al'adar garma. Ka ce duk wanda zai tafi, ya kawo garmarsa coci, ai ba noma zai yi a birni ba. Ka kafa turaku a bango, kowa ya rataye tasa daidai inda yake zama. Kowace Asabar kana bin su ɗaya bayan ɗaya, kana kaɗe gara, kana shafa wa ƙota man gyaɗa. Ran Lahadi in an zo addu'ar matafiya, sai ka bi bangon kana dafa kowace garma kana kiran sunan mai ita. Na ga mata da yawa suna share hawaye in ka zo kan ta mazajensu. Ɗana Ishiyaku ya gaya mini cewa a Kano, in abokai suka ja shi wata hanya, abin da yake tunawa shi ne ana kiran sunansa a gida.

Bara aka ba mu sabon Rabaran, mai zagaya ƙauyuka a kan keke. Ba mugu ba ne, ba kuwa zan ɓata sunansa ba. Ya zo da ƙa'ida a hannu: duk wanda aka daɗe ba a gan shi a sujada ba, a cire sunansa daga littafin masu jefa ƙuri'a. Taron shekara kuwa, inda ake zaɓen dattawa ana yanke manyan shawarwari, ana yin sa ne bayan Ista, daidai lokacin da ba namiji mai ƙarfi a gari. Da ya gama tankaɗe littafin, sunayen da suka rage ba su cika tabarma biyu ba. Sai aka ce coci mai mutane kaɗan haka ba ya buƙatar zama da kansa. Za a kawo shawara a taron bana a rufe shi, a kwashe kwanon, a haɗa mu da babban cocin da ke bakin titi, tafiyar rabin yini. Mafi yawan waɗanda suka rage a littafin kuwa ba masu iya musu da Rabaran ba ne. Ni ma ina cikinsu.

Ka tashi ka nuna masa bango. Ka ce ga mutanenmu nan, wanda ya bar garmarsa bai bar gari ba. Shi kuwa da ya ga kana dafa ƙarfe kana kiran sunaye, sai ransa ya ɓaci. Ya san iyayenmu Maguzawa ne, ya ɗauka tsohon tsafi ne ya biyo mu har cikin ɗakin Allah. Ya ce a sauke su. Ka ce ajiya ce, ba ka sauke ajiya sai mai ita ya zo. Ya sake cewa, ka sake ƙi. A zuwansa na uku ya ja layi a kan sunanka, ya karɓi mabuɗi ya ba katikis, malamin da ke koyar da mu addini.

Bari in faɗa a fili, domin na ji masu cewa Lado ya mutu cikin horon ikilisiya, gara a yi shiru da zancensa. Ba zan yi shiru ba. Mutumin da ya ƙone kayan tsafin ubansa da hannunsa, har danginsa suka daina cin abinci da shi, ba shi za a koya wa bambancin garma da gunki ba. An cire sunanka, amma ba Lahadin da ka fasa zuwa. Ka koma zama a bakin ƙofa, in an zo addu'ar matafiya kana kiran sunayen daga can, murya ƙasa-ƙasa, mu kuwa muna cewa amin. Asabar kuma katikis da kansa yakan manta ƙofar a buɗe.

Ciwon ƙirji ya kwantar da kai a makon Ista. Na zo duba ka, na ce ko za ka nemi sulhu a mayar da sunanka. Ka ce littafin da kake tsoro ba a kan keke ake yawo da shi ba. Sannan ka tambaye ni ko an shafa wa garemani mai.

Mu tsofaffi muka haƙa kabarinka, ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Alhaji Shitu mai lori, maƙwabcinmu Musulmi wanda kuka yi kiwon awaki tare kuna yara, ya zo gaisuwa ya ce shi zai kai labari. Direbobinsa suka bi masaukan 'yan cin rani, suka aika har Jos. Kowa ya san ba a aika gaisuwar Lado da saƙo. Daga Juma'a maza suka fara sauka da ƙullin kayansu, wasu sun bar aikin da ba za su sake samu ba. Akwai masu raɗa cewa kai ka zaɓi ranarka. Ni ban ce haka ba, lokaci na Allah ne. Amma na san ka, kuma na yi dariya ni kaɗai a bakin kabarin.

Ran Lahadi, ranar taron shekara, Rabaran ya jingine kekensa ya tarar ba masaka tsinke. Bayan sujada ya buɗe littafi ya karanta 'yan sunayen da suka rage, ya ce su kaɗai ne za su ɗaga hannu. Ba wanda ya yi hayaniya. Sai Baraka ta miƙe daga cikin mata.

"Rabaran, maigidana ya bar mini ajiyar mutane, ni kuwa ba zan iya riƙe ta ba. A bari masu ita su karɓa a gabanka."

Ishiyaku ne ya fara tashi. Ya sauke garmarsa, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya koma ya zauna da ita a kan cinya. Wani ya bi, wani ya bi. Ba wanda ya yi laluben tasa, ba kuwa wadda gara ta taɓa. Da aka gama, bango ya zama fayau, sai guda ɗaya kusa da ƙofa, taka, Lado. Rabaran ya daɗe yana dubanta. Daga nan ya nemi alƙalami, ya ce kowa ya sake faɗin sunansa a hankali. Da aka zo shawarar rufe coci, ko hannu ɗaya bai tashi ba. Aka kuma yanke cewa daga yanzu taron shekara sai bayan kaka, kafin maza su watse.

Na roƙe shi ya mayar da naka sunan. Ya ce ba a rubuta mamaci a littafin masu rai. Na yarda haka ƙa'idarsa ta ce. Sai na ce to akwai jariri a gidana da yake jiran baftisma. Ya ce madalla, wane suna za a sa masa? Na gaya masa. Ya dube ni, na dube shi, ya ce zai zo.

Allah ya ji ƙanka, Lado. Ya yafe maka taurin kai inda ya wuce gona da iri, ya saka maka inda ya tsaya a kan gaskiya. Ya ba ka hutawa, ya tashe ka tare da masu adalci a ranar ƙarshe. Baraka, Allah ya ba ki haƙuri, ya zama gatanki. Maimuna da Fatima, 'ya'yansa, ubanku bai bar muku abin kunya ba. Alhaji Shitu, Allah ya bar zumunci. Ɗorawar nan kuma na bar wa gidanka, ko da yake tawa ce.

Lahadi ta ƙarshen watan nan za a yi wa jikana baftisma a cocinmu, ƙarƙashin kwanon da aka so a kwashe. Mutanen Durba, Unguwar Gai, Madachi, da duk wanda ya ji an ce Gidan Tsamiya ba kowa, ina gayyatarku. Garmar tana nan a bango, ba mai sauke ta sai yaron ya isa riƙe ƙota. Ku zo da wuri ku sami wurin zama kusa da tebur, ku ga hannun da ya soke sunan Lado yana sake rubuta shi.