Rawar Jikin Kyanwar Kaka

Zamanin da Nasara ke mulki, gidanmu a Dakoro yana bayan kasuwar dabbobi, kuma kakata ce mai faɗa a ji a cikinsa. Babana ɗan farinta ne, saboda haka kunya ba ta barinta ta kama sunansa, ko ta dube shi ido da ido. In za ta yi masa magana, ni take fuskanta, ko bango. Ina ƙaramar yarinya abin yana ba ni haushi. Mutum da gemunsa a riƙa ce masa "wancan"!

Kaka tana da kyanwa baƙa mai tsaron rumbun gero. Wata bazara ta haifi 'ya'ya, suka tsotse ta har haƙarƙarinta suka fito, ga ɓeraye sun yi wuya. Rannan da hantsi muka ga tana tangaɗi kamar mashayi. Ta faɗi gindin turmi, jiki na ɓari, miyau na zuba, idanu a kafe. Na kira ta, ko kunne ba ta kaɗa ba.

A kwanakin nan mahaukacin kare ya ciji mutane, kwamandan Nasara ya sa gardawansa, wato dogaransa, kashe duk dabbar da aka ga tana dalalar da miyau. Baba ya ɗauko kulki. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji mana. Ni kuwa na ɓare baki da kuka.

Kaka ta durƙusa, ta taɓa kunnuwan kyanwar, ta ɗaga leɓenta. Kunnuwa sanyi ƙalau, dasashi fari fat. Ta juyo gare ni.

"Ke, hwaɗa ma wancan shi aje iccen nan. Wagga ba hauka ba ta, yunwa ta."

"Inna, mi kika sani ga ciwon kyanwa?" in ji Baba. "In ta ciji ɗiya fa?"

Ba ta dube shi ba. Da kyanwar ta ci gaba da magana, tana shafa bayanta.

"Na san rawar ga, baiwar Allah. Shekarar yunwa ni ma na yi ta, ina goyon wani. Nono yana ja, ciki ba komi, ƙahwahu na rawa, ido ya yi duhu. Wata Buzuwa ta sa mini zuma a baki, shi ne na tashi."

Wanin da take nufi kuwa Baba ne. Baba ya shiga ɗaki ya fito da dunƙulen sukarin da yake ɓoye wa baƙi masu shan shayi, wanda mu ko lasa ba ma samu. Ya fasa, ya jiƙa a ludayi. Kaka ta riƙa dangwalo da yatsa tana goga wa kyanwar a dasashi kaɗan-kaɗan, ba ta ɗura mata ba don kada ta shaƙe. Can sai ɓarin ya lafa, ta lashi baki, ta ɗaga kai. Aka ba ta madara da guntun kilishi.

Yau jikokina sun ce sukarin jini ne ya faɗi. To, su suka yi lakwal, wato makarantar boko. Ni dai ina kewar tsakar gidan nan har cikin raina.

Rannan dai, da kyanwar ta farfaɗo, Baba ya tsuguna. Ya miƙa wa Kaka sauran ruwan sukarin da hannu biyu, ya ce, "Inna, ki sha." Ta kau da kai, ta karɓa, ta shanye.