Ranar da aka wanke fiyanon Malama

Malama tana zaune a saman benenmu a unguwar Mada'in Fahd da ke Jidda, daga ita sai fiyanonta. Haifaffiyar Jidda ce kamar Ummata. Ta koyi kiɗan a gidan da mahaifiyarta ta yi aikatau, daga baya ta riƙa zuwa unguwar Safa tana koyar da 'ya'yan masu hali. Ni kuwa a matattakala ta kama ni ina leƙe, ta ce, "Ke mai kunyar nan, shigo ki zauna."

Akwai wani kiɗa da ta tsara da kanta, ba ta taɓa rubuta shi ba. A yatsuna ta zuba min shi, kaɗan-kaɗan. Ta sa ƙaramin ƙwan lantarki a cikin fiyanon, kullum a kunne don ɗuminsa ya hana laimar teku kama katakon. Ko kofin shayi ba ta yarda a ɗora masa.

Da ta rasu, ƙanwarta ta ce min, "'Yata, fiyanon naki ne, haka ta yi wasiyya. Bari dai mu kintsa gidan."

Na dawo daga makaranta na tarar da ruwan kumfa yana gangarowa ta matattakala. Matan unguwa ne suka taru wankin gida bayan an tashi daga zaman makoki. Sun wanke labule, sun wanke bango. Fiyanon yana buɗe, an kwance ƙwan, wata dattijuwa tana kwarara masa ruwa a ciki da kofin roba.

"Wallahi ƙura kamar sito a unguwar Khumra!" in ji ta. "Allah ya jiƙan Hajiya, ashe ba ta taɓa wanke abin nan ba."

Na tsaya a bakin ƙofa. Jakata ma ban sauke ba, dattijuwar ta juyo ta ce min:

"Ke, yalla, matsa kar ki jiƙe. Halas, shi ke nan, gobe ya bushe ki yi ta kiɗanki."

Bai bushe ba. Katakon ya kumbura. Na danna maɓalli ɗaya, ya nutse bai taso ba. Na danna na kusa da shi, farin bayansa ya ɓare ya faɗo a cinyata, yana ƙamshin sabulu.

Yanzu a kan teburin aji nake kaɗa kiɗan, ba sauti. Akwai wani wuri a tsakiya inda hannun hagu yake tsallake na dama. Jiya da na kai can na tsaya, na kasa tuna wane yatsa ne yake fara sauka.