Almakashin Inna

Yayana ya bugo mini waya daga Abuja bayan sallar asuba, ya ce Baba ya cika. Ban ƙare salati ba ya ɗora mini kaya: in taho da Inna a jirgin safe, za su jira mu da jana'iza har la'asar, kuma kada in kuskura in faɗa mata, saboda hawan jininta. "Ki ce jikin ne ya ɗan motsa." Har yau ina jin haushinsa. Shi yana can cikin maza ana ba shi haƙuri, ni ya bar ni da tsohuwa da ƙarya a baki.

Na same ta a tsakar gidanmu na Gwallaga, tana kan tabarma da hular da take ɗinka wa Baba. Tun ranar da aka tafi da shi asibiti a Abuja ta soma ta, da zare shuɗi da ruwan ƙasa, ta ce da ita zai dawo gida. Na karanto mata abin da aka koya mini. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Jirgi kuma?" Na ce mota za ta wahalar da ita. Ta miƙe da hular a hannu. Ta shiga ɗakin Baba ta ɗan jima, ta fito da jakarta ta hannu a cike.

A filin jirgi aka sa jakar a na'ura, sai wata ma'aikaciya ta janye ta gefe. Daga Hausarta na gane mutuniyar wajen Bogoro ce. Ta fito da hular da allura soke a jikinta, da ƙullin zare, ta ce waɗannan babu laifi. Sannan ta zaro almakashi, wani baƙi tiƙeƙe irin na teloli. Na yi mamaki, don Inna da reza take yanke zare.

"Mama, wannan ba zai shiga ba."

Ni da nake neman wanda zan huce a kansa, na hau ta da masifa. Na ce tsohuwar da sai an riƙe ta take hawa matakala, ita ce za ta yanka matuƙin jirgi? Ga shi ba mu da akwatin da za a jefa shi ciki. Matar ta ci gaba da bincikenta. Can ƙasan jakar ta jawo farin yadi a ninke cikin leda. Likkafanin Baba ne, wanda ya saya da kansa ya ajiye shekara da shekaru, yana cewa ba ya son ya ba kowa wahala.

Inna ta ce, a hankali, "'Yata, to da me za a yanka masa?"

Ma'aikaciyar ta dubi yadin, ta dubi Inna. Ta mayar da shi jakar da hannu biyu. "Allah ya ji ƙansa, Mama. Amma doka ne, ki yi haƙuri." Ta'aziyyar farko da aka yi wa uwata ke nan, daga bakin baƙuwa, ni 'yarta ina tsaye kamar gunki. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Muka bar almakashin a kan tebur.

Da jirgin ya daidaita a sama, Inna ta fito da hular ta ci gaba da ɗinki. Ko kallon taga ba ta yi ba, alhali ranar ce shigarta jirgi ta farko. Zare ya ƙare, babu abin yanka, haƙoranta na gaba kuwa sun daɗe da zubewa. Ta miƙo mini hular.

"Cije mini."

Na cije. Hular ba ta taɓa hawa kansa ba, amma ƙamshin turarensa ne a jikinta, saboda zaman da ta yi da yadin a jaka ɗaya. Nan kukan da nake riƙewa tun safe ya ƙwace mini.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Da asuba ne?"

"Da asuba ne, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta riga ta zura sabon zare, amma ba ta ƙara ko ɗinki ɗaya ba. Ta soke allurar a gefen hular, ta ninke ta, ta ɗora a cinya.

Hular tana wajena yanzu, saura kamar faɗin tafin hannu a gama ta. Allurar ta yi tsatsa har ta ɓata wurin, ban cire ta ba.