Ranar da Liman Ya Zo Ɗaga Ƙarfe

Manyan tambayoyin da suka raba kan 'yan Adam tun da aka kafa duniya ba su da yawa, kuma a iya karatuna ban ga wadda ta kai wannan zafi ba: a cikin dukan salon ɗaga ƙarfe, wanne ne uban sauran? Na ga aminai sun daina gaisawa a kanta. Na kuma ga yadda aka amsa ta a Ƙauran Namoda, abin da ba zan manta ba ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina.

A bayan tashar jirgin ƙasa wani mai walda ya kewaye fili da tsohon kwanon rufi, ya mai da shi wurin ɗaga ƙarfe. Ƙarfen ma dai suna ne. Siminti ne aka zuba a bokitan fenti aka soka bututu a tsakiya, sai wasu faifan injin niƙa da suka yi ritaya. Ni malamin makaranta ne, abin da ya kai ni wurin kuwa shi ne tumbina ya fara riga ni shiga aji.

Wurin yana da mazhabobi. Masu rinjaye su ne masu kwanciya a benci suna tura ƙarfe daga ƙirji. Sai 'yan damtse, waɗanda ba sa rabuwa da gaban madubi. Sai wasu 'yan tsiraru masu ɗago ƙarfe daga ƙasa. Tsuguno kuwa, wato ka saɓa nauyi a kafaɗa ka tsuguna ka miƙe, ba shi da mabiyi ko ɗaya. Da na tambayi dalili, mai walda ya dube ni da tausayi.

"Haba Malam, wa yat taɓa samun mata don cinya? Ƙirji ana ganinai cikin riga. Ƙahwa ko wando ya ruhe ta."

Shi ya sa samarin wurin, daga sama rumbu, daga ƙasa karan dawa.

A shekarar ne kawuna, yayan mahaifiyata, ya kwanta ciwo. Shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin in san dama da hagu. Ya yi watanni a shimfiɗa. Da Allah ya ba shi sauƙi, kai lafiya, murya tana nan yadda aka san ta, amma ƙafafu sun tsotse. In ya kai goshi ƙasa, ba ya iya tashi sai an kama shi. Shi da kansa ya karantar da mu cewa mai zaune ba ya jan masu tsaye salla, don haka bai jira kowa ya tuna masa ba. Ya tura na'ibinsa gaba, ya sa aka ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu. Dattawan unguwa suka ce in azumi ya kama bai miƙe ba, za a tabbatar wa na'ibi limanci. Kawu ya ce sun yi adalci. Amma ni da nake kusa da shi a sahu, ina jin yadda leɓensa ke riga na'ibi kai ƙarshen aya.

'Yan'uwa daga Birnin Tsaba suka kawo sassaƙe da man shafawa, ba a ga canji ba. Sai 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a Shinkafi, ta zo ta duba shi ta ce gwiwar lafiya lau take, naman cinya ne ya zube a kwance. Ta ce babu allurar da za ta maido shi, sai dai ya riƙa zama yana tashi, in ya saba a ƙara masa nauyi. Matsalar ita ce a gida ba a barinsa. Da ya yunƙura sai iyali su rugo su tallabe shi ana sannu. Wata safiya ya ce da ni, "Kai, kai ni wurin nan da kaka zuwa kana dawowa yadda kat tahi."

Na ɗauke shi a babur da hantsi. Muna shiga aka kashe kiɗa, ƙattai suka shiga wawason riguna, wani ya sa ta wani. Mai walda ya rugo ya zube.

"Allah shi gafarta Malam, lahiya? Ko wani yay yi laihi?"

"Ba wanda yay yi laihi. Cikin kayan nan naku, wane na ka tada mutum daga ƙasa?"

Mai walda, da yake ɗan mazhabar ƙirji ne, ya share benci da rigarsa ya ce Malam ya kwanta. Kawu ya daɗe yana kallon bencin.

"In kwanta rigingine a aza min nauyi bisa ƙirji? Wanga ai shina nan tahe, ɗana. Ba sai na yi gaggawa ba."

Aka kifa masa turmi a bayansa, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya riƙe wani ƙarfe da ke kafe, ya fara sauka a hankali. A nan ne abin da ba wanda ya shirya ya faru. A garinmu ɗan mutunci ba ya tsayawa ƙiƙam babba yana ƙasa. Kawu yana sauka, sai duk samarin suka tsuguna, kowa yana ƙoƙarin ya fi shi kusa da ƙasa. Ya yunƙura da kyar ya miƙe, suka miƙe. Ya sake sauka, suka sake zubewa.

"Ku kuma mi kuka yi?"

"Malam, ba mu iya tsayuwa kana ƙasa."

"To, kun shiga uku, don ban gama ba."

Shi yana da turmi da yake hutawa a kai. Su ba su da komai sai karan dawar nan tasu, ga shi ba ya sauri. Washegari na ga gwarzon 'yan ƙirji yana hawa babur kamar mai ɗinki a ciki.

Haka aka ci gaba, safiya bayan safiya. Daga turmi aka koma kujera 'yar tsuguno. Daga hannu wofi aka ba shi ƙaramin gwangwanin siminti ya rungume, can gaba aka aza masa bututu a kafaɗa. Ba ya ƙirge, istigfari yake yi, su kuma suna nishi a bayansa. Abin bai tafi sumul ba. Wata rana ƙafa ta ci amanarsa, ya faɗi zaune daɓas a cikin ƙura. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya kai masa hannu, don ya hana. Sai kawai kowa ya zauna a ƙasa tare da shi. Ya ɗauke ƙafa na kwanaki, har na ce magana ta ƙare. Sai ga shi ya aiko a ce in kawo babur.

Ranar da ake duban watan azumi, a sallar La'asar, masallacinmu ya cika fiye da yadda aka saba. Sahu na biyu duk ƙattai ne, wasunsu rabonsu da nan tun Idi. Aka yi iƙama, na'ibi ya ɗaga ƙafa zai shiga gaba, sai kujerar roba ta yi ƙara. Kawu ya miƙe, ya ratsa sahu. Na'ibi, mutumin kirki, ya ja da baya ya gyara masa darduma da hannunsa.

La'asar salla ce ta asirce, ba ka jin komai daga liman sai kabbara. Aka yi ruku'u, aka yi sujada, aka zauna, aka koma sujada ta biyu. Sai shiru. Goshina yana kan tabarma, kuma Allah ya yafe mini, hankalina duk yana kan cinyar Kawu. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin ta yadda na'ibi zai karɓi salla ba tare da an kunyata tsoho ba.

Sai na ji kabbarar. Ba da ido na ga tashinsa ba, da kunne na ji. Muryar ta faro daga can ƙasa, daidai tabarma, tana rawa. Ta tsaya a tsakiya kamar za ta koma, sannan ta ci gaba da hawa, ta ƙare a sama da kawunanmu. A bayana na ji wani ƙato yana jan hanci. Muka miƙe, kuma ban taɓa jin sahu ya tashi da nauyi irin na ranar ba.

Bayan sallama mai walda ya rarrafo gabansa, ido jawur. "Allah shi gafarta Malam, yanzu sai ka raba muna gardama. Wane na uban sauran?"

"Ni ban san naku ba," in ji Kawu. "Ni dai wanda ka bari in gaida Ubangijina tsaye, shi na sani."

Tun daga ranar na daina shiga musun. Na gane cewa ƙarfin da ya fi kowane amfani ba shi ne wanda riga ke nunawa ba. Shi ne wanda ke tashe ka daga ƙasa, daga shimfiɗa, daga tabarma, daga sujada. Shi ne wanda ake bukata kullum, shi ne kuma yake fara sulalewa ba sallama in aka yi sakaci da shi. Don haka tsuguno ne uban sauran. Shekaru ke nan ina karantar da wannan a ɗakin malamai da wuraren ɗaurin aure, kuma ba a taɓa kayar da ni a hujja ba. Yin tsugunon ne dai ban taɓa samun lokacinsa ba.

Kawu har yau shi ke jan mu salla. Kujerar robar tana nan a ƙarshen sahu. Ni nake salla a kanta.