Injin awarar da na kai wa Goggo Lome

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokina maƙeri, da injin niƙan waken suya da muka ƙera wa ƙanwar mahaifina, Goggo Rabi, mai sana'ar awara a Zangon Lome. Kwana muka yi a Ikko. Daga nan har Kwatano, duk shingen da muka tsaya sai an kwance buhun injin an tambaye mu ko bindiga ce. Da muka wuce Bagida, gab da Lome, ga teku a hagu, ga mata na gasa kifi a bakin titi, na ci ɗaya da dokunu, wani tuwon masara mai tsami, barkonon ya sa ni hawaye.

A Zango kuwa sai ka ce ba ka bar gida ba. Hausa ko'ina, sai dai an yayyafa mata Faransanci. Goggo ta tarbe mu da guɗa. Ashe har ta sayar da tsohon injinta, ta kuma karɓi aikin awarar walimar saukar karatu ta wata makarantar unguwa.

Abin da muka yi alfahari da shi a injin shi ne mazurarinsa, wato durom mai tsukakken gindi da ke zuba jiƙaƙƙen wake da kansa. A Kano da ɗan bokiti muka gwada. Wani lokaci waken ya cushe, wani lokaci ya wuce, in ya cushe ka ɗan buga gefe ya zube. Muka ɗauka babba ma haka zai yi.

Ranar aiki aka cika durom. Ya fara zuba lafiya, sai ya tsaya cak. Jiƙaƙƙen wake laushi gare shi. Na sama ya danne na ƙasa, kowace ƙwaya ta lotsa ta riƙe maƙwabtanta, duk ya zama dunƙule ɗaya. Muka buga, muka girgiza, muka zura sanda. Ko motsi. Kafin mu yanke gindin durom ɗin, zafin Lome ya gama da waken, tsami ya cika gidan.

Matar malamin makarantar ta zo da robobinta, ta shinshina, ta juya ta tafi.

Goggo ta dube ni ta ce, "Ɗana, da nawa kuka gwada?"

Na ce, "Mudu biyu, Goggo."

Ta ce, "Ni kuwa buhu nake jiƙawa."

Da za mu tafi har ta ƙulla mana soyayyen kifi na guzuri, abin da ya fi zagi ciwo.

Mun dawo Kano lafiya. Abin da na koyo: yadda abu mai laushi ke cushewa a ƙaramin mazubi ba ya nuna maka abin da zai yi a babba, sai ka gwada da girman aikin. Na koya, amma Goggo ce ta biya. Yanzu a kanta take ɗaukar wake zuwa injin haya a unguwar Amutiwe.